Laburaren da nake zuwa a Sakkwato: daɗinsa da takaicinsa

Idan wani takamaiman littafi kake nema, musamman wanda ya fito 'yan shekarun nan, kada ka ɓata kuɗin kabu-kabu. Laburaren nan ya fi dacewa da mai lokaci a hannu, wanda zai bi kanta-kanta ya ga abin da Allah zai haɗa shi da shi.

A bakin ƙofa za ka ajiye jaka, ka rubuta suna. Dattijon da ke kan tebur yakan tambaya da Sakkwatancinsa, "Malam, mi kaka biɗa?" Na ce masa dubawa kawai na zo yi, ya nuna mini ciki da haɓa.

A ƙa'ida an jera littattafan bisa tsarin lambobi na Dewey: 297 na Musulunci, 966 na tarihin Afirka ta Yamma. A aikace kuwa, mai karatu ya ɗauka ya mayar inda hannunsa ya kai, sai ka tarar da littafin kiwon kaji ya kwana tsakanin na fiƙihu. Akwatin katunan da ke ɗauke da sunayen littattafai zai ce maka littafi na nan, ka je kanta ka ga wayam. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Amma a cikin wannan hargitsin na ci karo da wata tsohuwar taswira ta Jihar Sakkwato kamar yadda aka kafa ta a 1976, Birnin Kebbi da Argungu da Gusau duk suna ciki, kafin a cire Kebbi a 1991, Zamfara kuma a 1996. Na daɗe a kanta ina bin hanyar jirgin ƙasa da yatsa har Ƙauran Namoda. Gefe guda ga tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo a ɗaure, takardar ta yi ja, tallace-tallacen ciki ma kaɗai sun ishe ka nishaɗi. Da waya nake nema, ba zan taɓa sanin in nemi waɗannan ba.

Zancen zafi sai wanda ya zauna. A watan Afrilu, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, zufa har kan shafi take ɗiga. Da hunturu kuma ƙura ce, ka taho da hankici. Lokacin WAEC da JAMB ɗalibai ke cinye kujeru tun da hantsi, mafi yawansu da littattafansu suke zuwa, shiru kawai suka zo nema, ban kuwa ga laifinsu ba.

Mai neman rubuce-rubucen hannu na zamanin Shehu da Sarkin Musulmi Bello, Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu ya kamata ya nufa. Mai son yawon kanta kuwa ya zo da safe, kafin rana ta buɗe, da gorar ruwansa.