Allurar Gyaran Murya: Wacce Ta Dace da Kai?

Ladani ko malamin makaranta da muryarsa ta dishe bayan tiyatar maƙoƙo, yana magana iska na zurarewa, in ya kurɓi ruwa ya ƙware, galibi ɗaya daga tantanin murya biyu da ke cikin maƙogwaronsa ne ya shanye saboda an taɓa jijiyar da ke motsa shi. Likita kan yi wa tantanin allura ya cika shi, ya matso ya haɗu da ɗan'uwansa. Sai dai abin da ake ɗurawa iri-iri ne, kuma a nan mutane ke yin zaɓen tumun dare.

Akwai na ɗan lokaci: Prolaryn Gel kan yi wata 2 zuwa 3, irin su Restylane kuma wata 4 zuwa 6, sannan jiki ya shanye su. Mutum zai ga kamar asarar kuɗi ce. A ganina su ne suka fi dacewa da sabon ciwo, domin jijiyar kan iya farfaɗowa da kanta cikin wata 6 zuwa 12, kuma kafin nan kana magana, kana shan kunu ba tari. In ka yi gaggawar sa mai daɗewa jijiya ta dawo, ka cika wurin da ba ya bukatar ciko.

Akwai kuma mai daɗewa: Prolaryn Plus kan haura shekara. Kitsen jikinka ma ana ɗiba daga ƙarƙashin fatar ciki a ɗura. Ba ka sayi magani daga waje ba, amma sai an sa ka barci a ɗakin tiyata, kuma wani ɓangarensa kan narke. In shekara ta cika tantanin bai motsa ba, a tambayi likita batun tiyatar dindindin.

Botox daban ne. Na wanda muryarsa ke sarƙewa tana katsewa ne, ana maimaita shi duk wata 3 zuwa 4, don haka a yi lissafin kuɗin shekara har da na mota.

Kada ka biya ko kwabo kafin a leƙa maƙogwaronka da na'ura. Dishewar da ta wuce mako 4 ba a ɗora ta kan ƙurar hunturu, musamman ga mai shan taba. A Sakkwato, fara da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka tambayi wane iri suke iya samu, da inda za su tura ka in babu.