An ɗaure min bakin tumbi a Ingila

Masu tambayar jikina, da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙwannafin nan da na baro gida da shi, wanda kowane mai kemis yake ce min olsa ce ya miƙo min omeprazole, maganin rage tsamin ciki, ashe ƙofar da ke tsakanin hanyar abinci da tumbi ce ta saki, tsamin ciki yake hawowa har maƙogwaro. Sai a nan Manchesta aka zura min kyamara ta baki aka gano. Aikin da aka yi min wani likita Bajamushe, Rudolf Nissen, ya fara shi a 1955: a kamo saman tumbi a naɗe shi a ƙarshen hanyar abinci. Yanzu ba a ma tsaga ciki, 'yan huje-huje ne kawai. Kada ku ce kyauta ne. Kuɗin lafiya tare da na biza muke biyansa, sannan ga jiran layi na watanni, kana kwana a jingine da matashi.

Abin da ya tsaya min a rai wata mata ce da ta zo kafin a sallame ni, wadda ba ta da wani aiki sai tsara abincin marasa lafiya. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce me nake ci a gida? Na ce tuwo. Da na yi mata bayani har na kai ga cewa loma ake yi a haɗiye ba tauna, sai ta zaro ido ta ce in manta da shi tukuna, wurin ɗinkin a kumbure yake, loma za ta tsaya min a ƙirji. Muka bi abincinmu ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa. Kunu mai ruwa-ruwa ta yarda. Farfesu, romon kaɗai. Burodi, tsire da kilishi sai bayan kamar mako shida. Lemon kwalba kuwa ko kusa, domin bayan wannan aikin gyatsa wuya take yi, iskar sai ta kumbura mutum. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, a zaune, ba gaggawa. Ta gaya min kafaɗa za ta yi ciwo saboda iskar da aka hura min a ciki, kada in ɗauki kaya mai nauyi, in kuma na ji yunƙurin amai in buga waya nan take, don yana iya ɓata ɗinkin.

A gida wa zai zauna da kai haka? Likita ɗaya, layi har bakin ƙofa. Ana sallamarka 'yan dubiya su cika ɗaki da kulolin abinci da katan na lemo, gwaggo ta tsaya a kanka tana "daure ka ci, ka ji ƙarfin jikinka". Wani ya kawo jiƙo, wata ta ce kanwa ce maganin ciwon. Duk ƙauna ce, amma irinta tana mayar da mutum ɗakin tiyata.

Sai dai washegari suka ce in tafi gida. Gida kuma ɗaki ne da ba kowa. Ni nake dama kununa, ina salla a zaune, maƙwabcina bai ma san an yi min aiki ba. Wallahi har surutun gwaggo na yi kewa.

Masu shirin aiko min da kilishi, ku dakata. Garin kunu nake so, kuma kada a sa masa yaji.