Kwas ɗin kasafin kuɗi da na biya jaka 20 a Garwa, ga yadda ta kaya

Jama'a tun ranar da na ɗora hoton takardar shaidar nan a status ake ta kirana ana tambaya wai kwas ɗin ya yi ko kuɗina ne kawai ya bi ruwa, to bari in amsa gaba ɗaya a nan don bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya. Ba zan kama sunan kabinen da ya shirya ba, wato kamfanin ba da shawara, waɗanda muka zauna tare sun san shi.

Ni dai sana'ata kai kaya ofisoshi, rim ɗin takarda, tawadar firinta, kujeru, wani lokaci har labule da bokitin shara, duk ƙananan abubuwan da ba su kai miliyan 5 ba waɗanda ake yi da bon komand, wato takardar odar kaya daga ofishi. Bara na kai kaya wani ofishi na miliyan 2 da ɗan kai, kuma kayan bashi na ɗauko su wajen wani Alhaji a babbar kasuwa, na yi wata bakwai ina zarya, kullum amsa ɗaya ce, kiredi, wato kuɗin kasafin ofishin, bai samu ba ka dawo wani sati. Ni kuma a raina na riga na yanke cewa wani ne ke jiran in miƙa masa na goro. Shi ya sa da na ga sanarwar kwas na kwana biyu a kan yadda doka ke ɗaure kashe kuɗin gwamnati da yadda abin ke taɓa ɗan kwangila, jaka 20 har da abincin rana, ban yi shawara da kowa ba na tura kuɗin.

Wurin dai wani ɗaki ne a saman bene ta wajen Rumde Ajiya, mu kusan talatin. An rubuta ƙarfe 8, ba a fara ba sai goma da rabi. Kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, biyu ne a bango ɗaya ke aiki, kuma kun san Garwa a watan Afrilu, kafin azahar wuta ta ɗauke aka ce za a tada gurup, wato janareta, sai ga shi wai ba a sayi mai ba, muka koma fifita da takardun da aka raba mana. Wannan kam sakaci ne, wanda ya karɓi jaka 20 sau talatin bai kamata litar mai goma ta gagare shi ba.

Malamin dattijo ne, ya yi aikin kuɗi na gwamnati ya yi ritaya, kuma gaskiya ya san abinsa, ba ya duba takarda. Da Faransanci yake yi, in ya ga ido ya raina fata sai ya juya Fulatanci, in muka matsa ya ɗan taɓa Hausa. Matsalata da shi ɗaya ce, ranar farko gaba ɗaya Amurka ya kai mu ya ajiye.

Ya faro tun daga 1985, lokacin Reagan, da wata doka mai sunan sanatoci uku, Gramm da Rudman da Hollings, wadda ta ce in giɓin kasafi ya wuce iyakar da aka sa to a yanke kuɗin ma'aikatu kai tsaye ba sai an sake zama ba, har kotun ƙolinsu ta soke wani ɓangare nata a 1986. Daga nan ya tsallako 2011, kuma a nan ne ya daɗe. Wai 'yan majalisar Rifablikan suka ƙi yarda a ɗaga iyakar cin bashi sai an rage kashe kuɗi, aka yi ta ja har Obama ya sa hannu a dokar ranar 2 ga Agusta. Dokar ta sa rufi a kan kuɗin da majalisa ke rabawa duk shekara har shekara 10, sannan ta kafa kwamitin mutum 12, shida daga kowace jam'iyya, aka ce su nemo inda za a rage aƙalla dala tiriliyan 1.2, in sun kasa to gatari zai faɗo da kansa, rabi a kan kuɗin soja rabi a kan sauran ayyuka. Sikwesta suke ce wa gatarin. Dabarar wai ita ce a sa abin ya yi muni sosai yadda kowane ɓangare zai ji tsoro, masu son soja su ji tsoro, masu son tallafin talaka su ji tsoro, dole a sasanta. To ba a sasanta ba. Kwamitin ya watse a Nuwamba 2011 hannu rabbana, gatarin kuma ya faɗo ranar 1 ga Maris 2013, kusan dala biliyan 85 a wannan shekarar kaɗai.

Ana cikin haka wata Hajiya da ke kai abinci wata makarantar kwana ta ɗaga hannu ta ce, Malam ku yi haƙuri, mu fa ba Obama muke bi bashi ba. Ɗakin ya fashe da dariya har shi malamin, ya ce Hajiya ku ba ni zuwa gobe za ku ga inda na dosa. Ni a lokacin wallahi ina bayan Hajiya ɗari bisa ɗari, zufa na zuba ana ba ni labarin Washinton.

Amma akwai wuri ɗaya da labarin ya kama ni. Ya ce gatarin bai taɓa kowa da kowa ba, fanshon tsofaffi da tallafin abinci da inshorar lafiyar talakawa an keɓe su, inshorar lafiyar tsofaffi kuma kashi 2 kawai aka yarda a taɓa. Sauran kuwa a kowane ɓangare kaso ɗaya aka bi aka yanke, aikin da ke da amfani da wanda ba shi da shi duk ɗaya, kamar tela ya ce kowace riga a shagon nan sai an rage mata taƙi guda, ta dogo da ta gajere. Har ziyarar da jama'a ke kaiwa fadar White House aka dakatar. A Afrilu 2013 aka fara ba masu kula da tashi da saukar jirage hutun dole ba albashi, jirage suka fara latti, kafin sati ya zagayo majalisa ta yi doka ta gyara wannan ɓangaren, don su ma jirgin suke hawa su koma gida. Yara kuwa na shirin makarantar share fage na 'ya'yan talakawa, kusan gurbi 57,000 aka rasa. Wanzami dai ba ya son jarfa ko a ina yake. Kuma rufin nan da aka yi ta kuri da shi, a 2013 da 2015 da 2018 da 2019 duk sai da suka zauna suka ɗaga shi da hannunsu. Ya ɗan taɓa Jamus ma, wai tun 2009 suka rubuta birkin bashi a tsarin mulki, giɓin gwamnatin tarayya kar ya wuce kashi 0.35 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, amma a Maris 2025 suka sassauta shi saboda kuɗin soja. Wannan minti biyar ya yi a kai ya wuce.

Abincin rana shinkafa ce da kifi, kifin kuwa in ka ce daga Lagdo ya zo mutanen Lagdo za su kai ka ƙara, ɗan yanki kamar na ɗanɗano. Folere dai ya yi sanyi ya yi citta, shi na yaba, na sha kofi uku.

Rana ta biyu ita ce kuɗina, kuma ko ita ba duka ba, awa biyu na safe. Ya fara da ƙa'idar Semak, mu ƙasashe shida masu sefa ɗaya, mu Kamaru da Cadi da Gabon da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, an yarda bashin ƙasa kar ya wuce kashi 70 na arzikin shekara, giɓi kuma na ma'aunin da suke amfani da shi kar ya wuce kashi 1.5, kuma kar a tara bashin 'yan kwangila. Da ya faɗi na ƙarshen nan sai da wani ya yi tsaki daga baya. Sannan ya zo kan dokar tsarin kuɗin gwamnati ta 11 ga Yuli 2018, ya ce ku sani, adadin da majalisa ta amince a kasafi rufi ne, wato iyakar abin da aka yarda a kashe, ba alkawari ba ne cewa kuɗin na nan a ajiye a akwati. Ni wallahi shekara shida ina wannan harka ban taɓa jin wanda ya faɗa mini haka ƙarara ba.

Ya ce mu ba mu da gatari irin na Amurka mai faɗowa da kansa a rana kaza, namu a cikin sirkiler yake, takardar umarnin da ministan kuɗi ke fitarwa duk shekara kan yadda za a aiwatar da kasafi. A ciki akwai abin da suke kira bulokaj, wato a kulle wani kaso na kuɗin sayen kaya da ayyuka tun farkon shekara don ko ta kwana, akwai kuma kota na wata uku uku, ko da layin kasafin ofishi ya nuna miliyan 20 ba zai iya ɗaure su duka a zango ɗaya ba. Ya zana mana matakai huɗu a allo, angajima wato a ɗaure kuɗin da sunanka, sai a tabbatar ka kawo kayan a lissafa abin da kake bi, sai a ba da umarnin biya, sai biyan kansa a baitulmali. Kuma sai takardarka ta haura kwana 90 ba a biya ba ake lissafa ta cikin bashin da ya makale. Kafin shekara ta ƙare ma akwai ranar da ake rufe angajima, wanda ya kawo dosiye, wato takardunsa, bayan nan sai dai wata shekarar.

A nan na ji jikina ya yi sanyi, don na tuna abin da na yi bara. Wani a ofishin ya kira ni ya ce kawo kayan da gaggawa takardu za su biyo baya, ni kuma don kar wani ya riga ni na ɗauko na sauke, ba bon a hannu ba hatimin mai binciken kuɗi, ba komai. Ashe kotar zangon ta riga ta ƙare. Watanni bakwai ina zagin mutum a zuciyata, alhali ni na sa ƙafata a rami da idona biyu. Ban ce duk jinkirin da ake yi mana haka yake ba, kowa ya san akwai na ganganci, amma nawa dai ga asalinsa.

Ya kawo misalin 2020, lokacin korona da farashin mai ya faɗi, a watan Yuni shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar gyaran kasafi aka sauko da shi daga biliyan 4,951 zuwa biliyan 4,409 na sefa, ya ce wanda ya ɗauki kaya bashi a Maris yana lissafi da tsohon adadi shi ya san abin da ya gani. Sai wani bawan Allah da ya zo daga Kusiri, matarsa malamar makaranta ce a Injamena, ya karɓe zancen ya ba mu labarin matakai 16 da gwamnatin Deby ta Cadi ta ɗauka a 2016 bayan man fetur ya karye, aka zaftare rabin alawus na ma'aikata, aka yi ta yajin aiki makarantu a rufe. Ya ce a shekarar ko mai shagon unguwarsu sai da ya daina ba ma'aikata bashi. Maganarsa ta fi rabin abin da ke cikin takardun da aka raba mana amfani, kuma shi ma jaka 20 ya biya ya shigo.

Na tambayi malamin, na ce Baba to a ganinku wanne ya fi, nasu ko namu. Ya ce shi ba zai zaɓa ba. Ni kuwa zan zaɓa. Gatarin Amurka makaho ne ba ya tambayar wa ke da gaskiya, amma an rubuta shi a doka fiye da shekara ɗaya kafin ya faɗo, ɗan kasuwa na iya kaucewa. Namu ya fi sassauci don ana iya buɗe abin da aka kulle in kuɗi ya shigo, sai dai kai da ke waje ba ka san yaushe ba, kuma sirkiler ɗin Faransanci ne mai kauri da ko masu digiri ke haɗa gumi a kai.

Bayan azahar ta rana ta biyu kam ɓata lokaci ne, tallar kabinen aka koma yi, wai su za su riƙa bin mana dosiye a ba su kaso. Na yi tambaya kan harajin TVA na kashi 19.25 da yadda ake cire shi tun daga tushe, aka ce lokaci ya ƙure a tura a gurup na WhatsApp. Takardun da aka raba hoto ne na hoto, wasu shafukan ba sa karantuwa, ba ko layi ɗaya da Hausa ko Fulatanci alhali rabin ɗakin 'yan kasuwa ne da ba su yi lakol, wato makarantar boko, mai nisa ba. Takardar shaidar ma an rubuta sunana ba daidai ba, na mayar an ce in dawo.

In za ku tambaye ni maki, uku cikin biyar, kuma biyu daga ciki na dattijon nan ne. Wanda ya daɗe yana kwangila kuma yana da akawu ba ya buƙata. Sabon shiga irina na da, ko mai kai kaya da baki kawai, ya je, amma ya tambaya tukuna ko za a bar shi ya biya rana ta biyu kaɗai, ya kuma tafi da ruwansa da mafici.

Satin da ya wuce aka sake kirana daga wani ofishi ana son rim 80 kafin Juma'a. Na ce ranka ya daɗe an yi angajima, kotar zangon nan da saura. Shiru ya yi a wayar, can ya ce wa ya koya maka wannan, bari zai duba ya kira ni. Har yau bai kira ba, rim ɗin na nan a shago, shi kuma Alhaji na kasuwa saura jaka 300 yake bina na bara. PDF ɗin da aka ce za a turo a gurup yau sati uku ke nan, admin ya ma rufe gurup ɗin ba mai iya rubutu sai shi.