Alƙali da tafinta: wace manhaja ta dace da rumbun bayanan ƙungiyarku?

Ɗan'uwa, tun shekaranjiya na ga tambayarka a nan zauren. Ka ce ƙungiyarku tana ba manoma taki da iri bashi su biya bayan girbi, kuma sunaye da lissafi duk suna cikin rumbun bayanai a kwamfuta. Wani ya ba ku shawarar a haɗa rumbun da manhajar gwani mai bin ƙa'idoji, wani kuma ya ce a jona shi da irin su ChatGPT, kowa ya riƙa tambaya da Hausa kai tsaye. Kana son sanin wacce ta fi.

Ka tuna zaman kotu. Akwai magatakarda mai riƙe da rajista, akwai alƙali, akwai tafinta. Rumbunku shi ne magatakarda. Manhajar gwani alƙali ce, mai amsa tambaya da harshen mutane kuwa tafinta ce. Aikinsu ya sha bamban tun daga tushe.

Manhajar gwani tana ɗauke ne da ƙa'idojin "in kaza, to kaza" da aka tatso daga bakin masana. Wadda ta fi suna ita ce MYCIN, da Edward Shortliffe ya gina a Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarun 1970. Ƙa'idojinta sun kai kimanin 600, tana taimakon likita ya gano ƙwayar cutar da ta shiga jini ko ta jawo sanƙarau, ta kuma ba da shawarar magani. In an tambaye ta dalili, sai ta jero ƙa'idojin da ta bi. Amma duk da ƙwarewarta ba ta taɓa zama kayan aikin yau da kullum a asibiti ba. Ɗaya daga cikin dalilan ya shafe ku kai tsaye: ba ta da alaƙa da bayanan marasa lafiya, sai likita ya zauna ya buga amsar kowace tambaya da hannu. Alƙali ba tare da magatakarda ba ke nan.

Daga irin wannan cikas ne aka fara neman haɗa su da rumbun bayanai, kuma hanya biyu ce. Ta farko haɗin sako-sako: manhajar ta kwafo bayanan da take buƙata, ta koma gefe ta yi nazari. Yana da sauƙin ginawa, sai dai in manomi ya biya da hantsi bayan an yi kwafi da asuba, manhajar za ta yini tana ganinsa da bashi. Ta biyu haɗin ƙut-da-ƙut, inda duk lokacin da ƙa'ida ta buƙaci wani abu sai ta leƙa rumbun nan take, ko ma a rubuta ƙa'idar cikin rumbun kansa da SQL, wato yaren kwamfuta da ake ba rumbun bayanai umarni da shi. A ƙungiya irin taku haɗin ƙut-da-ƙut na fi so, domin ƙa'idojinku da wuya su wuce ashirin: wanda bai kammala biyan na bara ba ba ya karɓar na bana, buhun da za a bayar ya dace da faɗin gona, sabon shiga sai da mai tsaya masa. Wahalar tana wajen zaunar da dattawan ƙungiya su fito da abin da ke kansu fili. Sau da yawa a nan ake gane cewa shugaba da ma'aji ba da mudu ɗaya suke awo ba.

Tafinta ma ta daɗe. William Woods ya gina wata manhaja mai suna LUNAR domin masana su riƙa tambaya da Turanci kan duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo suka kwaso daga duniyar wata, kuma a gwajin da aka yi mata a 1971 ta amsa kashi 78 cikin ɗari daidai. Sirrinta shi ne fagenta ƙunci gare shi. In ka fita daga zancen duwatsu, shiru. Na yanzu sun fi ta baki nesa ba kusa ba. Ka rubuta tambaya yadda ta zo maka, su mayar da ita SQL, rumbu ya ba da amsa.

A nan ne nake so ka yi hattara. Tsohuwar manhaja in ba ta gane ba sai ta tsaya. Ta yanzu ba ta cika tsayawa ba, sai ta cike giɓin da zato, ta kawo maka lamba tsaf kamar gaskiya. Gwada waɗannan biyu: "su wa muke bi bashi?" da "su wa ke bin mu bashi?" Kalmomin kusan ɗaya ne, amma na farko manoma ne, na biyu dillalan taki. Ko "nawa aka biya bayan Sallah?" Ƙarama ko babba? "Bana" daga Janairu take farawa ko daga faɗuwar damina? Buhu na kilo 50 ko na kilo 100? Ga kuma yadda muke rubutu a waya babu ƙugiya, "kasa" ta tsaya a madadin ƙasa da kasawa duka. Manyan gwaje-gwajen da ake auna waɗannan manhajoji da su, irin Spider da Jami'ar Yale ta fitar a 2018 mai tambayoyi sama da 10,000 kan rumbuna 200, da Turanci aka rubuta su. Makin da manhaja ta ci a can ba shaida ba ce kan Hausar magatakardanku.

Don haka abin da ya shafi hukunci, wato wa zai samu taki, wa za a dakatar, a bar wa ƙa'idoji. Manomin da aka hana yana da haƙƙin a ce masa ga ƙa'ida ta kaza, ga ranar da ka biya, ga saura. Abincin iyalinsa na shekara ne a kan wannan amsar, kuma ƙa'ida rubutacciya in ka tambaye ta gobe abin da ta faɗa yau za ta maimaita. Tafinta kuwa a ba ta tambayoyin neman sani, kamar buhu nawa ya rage a sito ko wane ƙauye ya fi saurin biya, inda kuskure ke gyaruwa kafin ya cuci wani.

In za ku jona ta, ku ba ta izinin karantawa kawai, ban da gogewa ko sauyawa. Ku rubuta mata ma'anar "bana" da "buhu" da "saura" yadda ƙungiyarku ta fahimce su, ku kuma sa ta riƙa faɗin yadda ta fahimci tambaya kafin ta kawo lamba. Ku tabbatar mambobi sun amince kafin sunayensu da bashinsu su fita zuwa kwamfutar wani kamfani a waje. Sannan ma'aji ya zaɓo tambayoyi talatin da ya riga ya san amsarsu daga littafin bara, ya buga su da irin Hausar da yake rubutawa a waya, ku ƙirga nawa ta ci. In ka turo mana sakamakon a nan, sai mu duba waɗanda ta faɗi tare.