Laccar Taurari ta Intanet ko Fita Kallon Sama: Da Wanne Za a Fara?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya tambaya cewa yana sha'awar ilimin taurari, amma bai san ko ya zuba kuɗin data wajen sauraren laccoci ta intanet ba, ko kuwa ya tara abokai su riƙa fita kallon sama da dare. Malam, na gwada duka biyun, kuma kowanne da abin da yake bayarwa.

Lacca ita ce ke bayyana dalili. A can za ka ji cewa hasken rana yakan yi kusan minti 8 kafin ya iso gare mu, ka kuma ga hotunan James Webb, na'urar hangen nesa da aka harba sararin samaniya ranar 25 ga Disamba, 2021. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana watsa shirye-shiryenta kyauta a YouTube, haka ma Virtual Telescope Project na Italiya yakan nuna husufi da taurari masu wutsiya kai tsaye. Matsalar lacca ita ce yawanci da Turanci ake yi, tana cin data, kuma wadda ake yi da yamma a Amurka takan faɗo mana da tsakar dare.

Fita fili kuwa ita ce ke sa ka san saman da kanta, kuma ba ta bukatar ko sisin kwabo. Ka nisanci fitilun gari, ka ajiye waya, ka ba idonka kamar minti 20 ya saba da duhu, za ka yi mamakin yawan taurarin da za su bayyana. Wanda ya taɓa nuna wa yaro Kaza da 'Ya'yanta tana tasowa daga gabas bayan isha'i a watan Nuwamba, yaron yana ƙirga su da yatsa, ya san abin da allon waya ba ya iya bayarwa. Nan ne kuma bayanin cewa Zara ta magariba da Gamzakin asuba duniya ɗaya ce, wato Venus mai kewaya rana, ke zama a zuciya. Sai dai sama ba kullum take yarda ba, domin damina na zuwa da gajimare, hunturu kuma da hazo, saboda haka tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo ya fi dacewa.

Ina roƙonka kada hotunan lacca su sa ka gaggauta sayen madubin hangen nesa, domin launukan nan an sarrafa su ne da kwamfuta, ƙaramin madubi kuwa ɗan dusu-dusu kawai zai nuna maka, ko da yake za ka ga zoben duniyar Zuhal (Saturn) da watanni huɗu masu kewaya duniyar Mushtari (Jupiter) waɗanda Galileo ya gani a 1610.

A ganina ka fara da fita, da manhajar Stellarium don gane sunaye, sannan ka nemi lacca a kan abin da idonka ya riga ya gani. Ka sa daren 13 zuwa 14 ga Disamba a ranka, lokacin ruwan taurarin Geminids, wato yawan gilmawar haske a sama kamar taurari na faɗowa, idan babu hasken farin wata kuma hazo bai yi kauri ba.