Fistol mai jikin roba: abin da masu ita ke yabawa da abin da suke kuka da shi

Fistol ɗin Glock 17 mai jikin roba, da magazin ɗinta (gidan harsasai) ba harsashi, nauyinta kusan giram 700 ne. Beretta 92FS mai jikin alminiyam ta haura giram 900, CZ 75 ta ƙarfe zalla kuwa kilo guda ce. Ga wanda zai je filin gwaji ya yi harbin awa ɗaya ya koma gida, wannan rata ba komai ba ce. Ga ɗan sandan da zai wuni da ita a ƙugu, tare da ankwa da rediyo da magazin biyu na kari, rata ce da ƙugunsa ke shaidawa kafin magariba. Wannan ne abu na farko da masu fistol mai jikin roba ke ambata idan aka tambaye su, sai yawan harsashi, sai rashin tsatsa.

Ba duka bindigar ce roba ba. Bututu ƙarfe ne, silaid ɗin da ke ja da baya a sama ƙarfe ne, allurar da ke bugun gindin harsashi da sifirin-sifirin duk ƙarfe ne. Robar ita ce gangar jiki ta ƙasa: mariƙi, da zoben da ya kewaye kunama, da ramin da magazin ke shiga. Ita ma ba irin robar bokiti ba ce, nailan ce mai ƙarfi, kuma a Glock an dasa ƙananan layukan ƙarfe huɗu a cikinta waɗanda silaid ke gudu a kansu. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fito da irin wannan ƙira a 1970 da VP70, amma taurin kunamarta ya hana ta kasuwa. Sai da Gaston Glock, wanda ya kafa kamfanin Glock, ya samu kwangilar sojojin Ostiriya a 1982 sannan aka ɗauki abin da muhimmanci. Da fistol ɗinsa ta shiga Amurka, tsoron cewa za ta wuce na'urar bincike ta filin jirgi ba a gan ta ba ya yi yawa har majalisa ta yi doka a kai a 1988, alhali ƙarfen da ke jikinta ya ishi kowace na'ura ta yi ƙara.

Yawancin ra'ayoyin da za a ji na Amurkawa ne, domin can ne farar hula ke saye da yawa su harba dubban harsasai a shekara. A Najeriya dokar makamai ta sa fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, saboda haka a nan batu ne na jami'an tsaro.

Abin da shekaru arba'in suka nuna shi ne, ba robar ce ke mutuwa ba. Da wuya a ji mai Glock ko mai fistol ɗin Smith & Wesson da ake kira M&P yana cewa gangar jikin ta tsage da kanta. Inda aka ga ta fashe, galibi harsashi ne da aka cika wa albarushi fiye da kima a gida, musamman a tsofaffin Glock masu cin harsashin .40, inda gindin kwanso ba ya samun cikakken tallafi a gurbinsa. Koke-koken masu ita na gaske suna kan wasu wurare ne daban: kunama, idon saiti, yadda mariƙi ke zama a tafin hannu, sai kuma shuri.

Shuri shi ne kuɗin da ake biya na rashin nauyi. Harsashin 9mm ɗaya ne, amma bindiga mai giram 700 za ta fi mai kilo guda ɗaga baki. Wasu na cewa robar tana ɗan lanƙwasawa ta sha wani ɓangare na bugun, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai bai kai ya rufe ratar nauyin ba. Daga nan ne matsalar da ta fi damun sabon shiga ke tasowa. Silaid yana buƙatar gangar jiki ta tsaya cik kafin ya iya ja da baya har ƙarshe. Idan wuyan hannu ya saki, bindigar gaba ɗaya ce ke tafiya baya tare da shi, ƙarfin ya tafi a banza, kwanson da aka harba ya kasa fita ya maƙale a tsaye a bakin taga. Mai ita sai ya ce bindiga ba ta da kyau. A miƙa wa wani mai riƙo da kyau, ta cinye magazin ba tangarɗa. Maganin shi ne a ɗaga hannu har can sama ƙarƙashin wutsiyar mariƙi, a ƙulle wuyan hannu, hannun hagu ya cike duk gurbin da ya rage a gefe. Amma a lura da babban yatsa: idan ya kwanta a kan maɓallin tsayar da silaid, silaid ba zai tsaya a buɗe ba bayan harsashin ƙarshe, kuma nan ma sai a ɗora wa bindiga laifi.

Glock 19 ita ce ma'aunin da ake auna sauran. Ta fito a 1988, tana cin harsashi 15, bututunta milimita 102. Masu ita suna yabon abu uku: tana harba kusan duk harsashin kamfani da aka ba ta, sassanta kaɗan ne, kuma magazin da kube da kayan gyaranta suna ko'ina da arha. Kukansu kuma kusan iri ɗaya ne tun daga farko. Idon saitin da take zuwa da shi roba ne, yana iya gocewa ko ya guntule idan ya bugi wani abu, don haka da yawa suna cire shi su sa na ƙarfe tun kafin su harba ko ɗaya. Kunamarta tana sakin harsashi a wajen kilo biyu da rabi, amma jan yana da laushi-laushi, ba ya karyewa tsaf. Kusurwar mariƙinta kuma ta fi ta sauran kwantawa, wanda ya saba da fistol ƙirar 1911 ko ta kamfanin SIG idan ya ɗaga ta ido rufe zai tarar bakin yana kallon sama. Zubi na huɗu da ya fito a 2010 ya zo da sifirin biyu a haɗe da bayan mariƙi da ake canzawa, sai dai na farko-farkonsa sun ba da wahala wajen fitar da kwanso, wasu har suna watsa shi a goshin mai harbi, har kamfanin ya yi musayar sifirin ɗin kyauta a 2011. Zubi na biyar na 2017 ya cire guraben yatsu da ke gaban mariƙi, waɗanda dama sai wanda hannunsa ya yi daidai da su suke wa daɗi.

Akwai abu guda a Glock da bai kamata a wuce shi da sauri ba. Ba ta da makullin da ake turawa da yatsa. Kariyarta uku ce, duk suna aiki da kansu: ɗan harshen da ke tsakiyar kunama, da toshiyar da ke tare allura, da wadda ke hana ta tashi idan ta faɗi. Da zarar an ja kunama duk ukun sun buɗe, kuma bindiga ba ta san ko yatsa ne ya ja ko igiyar riga ba. Harbin kuskure da ita yakan faru a lokuta biyu: wajen mayar da ita kube, idan gefen riga ko fatar kuben da ta yi laushi ta shiga zoben kunama, da kuma wajen kwance ta, domin sai an ja kunama kafin silaid ya fita. Tsarin bai canzawa: a cire magazin tukuna, sannan a ja silaid, a duba gurbin harsashi da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya ja silaid kafin ya cire magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ne ya loda wani. Kube kuma ya zama mai tauri da ya rufe zoben kunama ruf.

Smith & Wesson M&P, wadda ta fito a 2005, ta gyara da yawa daga cikin waɗannan. Idon saitinta ƙarfe ne tun daga kwali, kuma akwai ɗan maɓalli a ciki da ke ba da damar kwance ta ba tare da jan kunama ba. Kunamar zubin farko ba ta da daɗi, ba a jin inda take komawa, amma M2.0 ta 2017 ta inganta. Kaushin mariƙinta yana riƙe hannu ko da gumi, sai dai mai ɓoye ta a ƙarƙashin riga zai ce tana cin fata kamar sanfefa. VP9 ta Heckler & Koch ta fi kowa kula da girman hannu, ana canza bayan mariƙi da gefunansa biyu. Walther PDP da CZ P-10 C kunamarsu ta fi ta Glock tsafta, ko da yake masu PDP na cewa tana ɗaga baki. Canik ta Turkiyya tana ba da kunama mai kyau a farashi ƙasa da na Glock.

SIG Sauer P320 ce ta raba kan masu bindiga. Dabararta kyakkyawa ce: lambar rajista tana kan ƙaramin injin ƙarfe da ke ciki, robar kuwa riga ce kawai da ake sauyawa da kuɗi kaɗan, babba ko ƙarama. Sojojin Amurka suka zaɓe ta a Janairun 2017 a matsayin M17 da M18, ta maye gurbin Beretta M9. A watan Agustan 2017 ɗin aka nuna cewa ta kasuwa tana iya tashi idan ta faɗi ta baya a wata kusurwa, domin nauyin kunamar kanta yana ja da ita. Kamfanin ya yi gyara kyauta: kunama mara nauyi, allura mara nauyi, da ƙarin wani ƙarfen kariya a cikin injin. Bayan haka ƙararraki suka biyo baya daga waɗanda suka ce ta tashi a cikin kube ba a taɓa ta ba. Kamfanin ya musanta, amma a 2024 kotuna a Jojiya da Filadelfiya sun ba masu ƙara gaskiya. Akwai masu ita da yawa da ba su taɓa ganin komai ba, suna kuma son ta. Duk da haka, ga wanda ke da zaɓi, mai makullin hannu irin ta sojoji ta fi kwantar da hankali, kuma ta hannu da aka ƙera kafin ƙarshen 2017 ba a saye sai an tabbatar an yi mata gyaran.

Ƙanana irin SIG P365 ta 2018, mai cin 10, da Springfield Hellcat mai cin 11, sun fi daɗin ɗauka, sun fi wuyar harbi. Ɗan ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, shurin kuma ya fi zafi.

Wajen kula, kuskuren da ya fi yawa shi ne yawan mai. Ɗigo kaɗan ya isa: layukan silaid, bayan bututu da kafaɗarsa, da inda sandar kunama ke gogar maƙwabciyarta. Ramin allura a bar shi a bushe. Mai a nan yana tara ƙura da toka, allura ta yi sanyi, ta bugi gindin harsashi bai tashi ba, kuma a ƙasa mai ƙura abin ya fi saurin faruwa. Babban sifirin da ke mayar da silaid masu gyara na ba da shawarar canza shi a wajen harbi 5,000. Idan ya gaji, silaid yana dukan gangar jiki da ƙarfi, ko ya kasa rufewa sosai. Idan harsashi ya riƙa maƙalewa wajen shiga, magazin ake fara zargi: a sa wa kowanne lamba a gindi, wanda ya maimaita laifi a duba leɓensa da sifirinsa. Glock kuma tana gargaɗi kan harsashin dalma tsirara mara rigar tagulla, saboda dalmar na taruwa a irin zanen cikin bututunta ta ƙara matsi.

Mai sayen ta hannu ya duba layukan ƙarfen nan ko sun girgiɗe, da ramukan fil ko sun buɗe, da ƙugiyar da ke zaro kwanso ko ta guntule. Wadda aka ƙona wa mariƙi da ƙarfe mai zafi don a ƙara mata kaushi, ko aka sa mata kunamar wani kamfani, farashinta ya kamata ya sauka, domin garanti ya riga ya tafi, kuma kunamar da aka sassauta ba bisa ƙa'ida ba tana iya kashe kariyar faɗuwa.