CapCut da rage gudun bidiyo: inda yake ƙoƙari da inda yake kasawa

Masu ɗaukar biki da kokawa da hawan sallah a Maradi akwai masu gyara bidiyonsu da CapCut a salula. Manhaja ce ta ByteDance, masu TikTok, kuma wajen sa bidiyo tafiyar hawainiya tana da sauƙin hannu ƙwarai. Amma rabin aikin tun wurin ɗauka ake yin sa, kuma a nan mutane suka fi yin asara.

Bidiyo hotuna ne a jere. Salula, in ba a canza mata saiti ba, hoto 30 take ɗauka a kowace daƙiƙa. Ka rage gudun wannan zuwa 0.5, wato rabi, hoto 15 kaɗai suka rage wa kowace daƙiƙa, sai manhajar ta riƙa nuna kowane sau biyu. Shi ya sa ake ganin ɗan kokawa yana faɗuwa yana tsattsayawa. Wanda aka ɗauka da 60 yana jure 0.5 sumul, 120 yana kai wa 0.25, 240 kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Don haka a shiga saitin kyamara a sa 60 tun kafin makaɗa su fara.

Yin abin ba wuya. A taɓa bidiyon, a yanka shi gaba da bayan wurin da ake so, misali daƙiƙa biyu na kaye, a shiga Speed (Vitesse a salular da ke Faransanci), a zaɓi Normal, a ja ma'aunin baya. Yana sauka har 0.1, sai dai saukarsa ba ta nufin bidiyonka zai iya ɗauka. Ɓangaren Curve ya fi burgewa, don yana barin gudu ya sauka a hankali ya sake hawa, ta yadda doki zai taho da gudunsa, ya lafa daidai lokacin da mahayi ya ja linzami ya ɗaga mashi, sannan ya ci gaba. Shiryayyun salo irin Hero da Bullet suna nan, amma Custom ya fi, tunda kai ke aza ɗigon a kan daƙiƙar da kake so.

Akwai kuma zaɓin santsi da ke fitowa idan an rage gudu. Ko dai ya narka hoto biyu maƙwabta cikin juna, abin ya fito da inuwa-inuwa, ko ya ƙirƙiro hotunan tsakiya ta hanyar hasashen inda kowane abu ya nufa. Na biyun yana kyau sosai ga amarya mai takawa a gaban bango fili. A filin kokawa kuwa yana rikicewa: ƴan kokawa biyu sun sarƙe, hannu ya shige bayan hannu, rairayi na tashi, sai ka ga damtse ya lanƙwashe kamar roba, laya ta ɓace ta dawo. Haka ƙafafun doki, da aikin babbar riga, da takardun kuɗi lokacin liƙi. Manhajar ba ta ga abin da ke ɓoye a baya ba, cikewa take yi da ka. A irin wannan wuri kada a sauka ƙasa da abin da ɗaukar ta ba da. A kuma duba alamar Pro kafin a fara, domin duk zaɓin da ke ɗauke da ita yana hana fitar da bidiyo sai an biya.

Dare wata matsala ce dabam. A 120 kowane hoto kwata na hasken da zai iya samu a 30 yake samu, shi ya sa kamun amarya ke fitowa da duhu da tsaki-tsaki. Kuran ɗin Nijar kuma sau 50 yake kai da komo a daƙiƙa, ampul yana ƙiftawa sau 100, ido bai gani, amma ɗaukar 60 ko 120 tana kama shi, rage gudu kuma ya fito da shi fili. In kyamara tana da 50 ko 100, su za a zaɓa. Da injin wuta mai hawa da sauka, gara a haƙura da 30 kawai.

Sauti yana jan jiki tare da hoto, kalangu ya koma gurnani, guɗa ta lalace. A cire sautin daban kafin a taɓa gudu, ya ci gaba da tafiyarsa a ƙasa.

Lissafin santsi yana dafa salula, musamman ƙananan Itel da Tecno a zafin Afrilu, don haka a yi shi kan gajeren yanki, ba bidiyon duka ba. A fitar a 1080 da hoto 30, a tura wa mai biki ta WhatsApp a matsayin takarda (Document), saboda turawar da aka saba tana matse bidiyo ta cinye ƙurar da zanen shaddar da aka sha wahala a kansu.